Kowa Ya San Inda Maccido Yake

Idan ka bi ta bakin tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, za ka ga wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa inda ake cajin waya. Mai shagon dogo ne siriri, bai kai talatin ba, amma ya riga ya koyi zaman dattijai, hannu a haɓa, ido a kan titi. Sunansa Muhtari. Mutane suna kawo masa wayoyinsu, su gaisa da shi, su tafi. Ba mai zaginsa. Sai dai idan mutum biyu suka nufo shagon suna zancen tafiya, da sun taka dokin ƙofarsa sai zancen ya koma na zafin rana. A saman ƙofar akwai allon da aka shafe da farin fenti, amma idan hantsi ya haska shi ana iya karanta abin da ke ƙasa: Saƙo Ya Isa.

Muhtari ɗan gida biyu ne. Mahaifinsa, Malam Zakariyya, malamin Arabiyya ne a makarantar gwamnati, kuma gidansu gida ne na malamai da ma'aikata, inda yaro yake tashi ya tarar da allo da biro suna jiransa. Mahaifiyarsa Balaraba kuwa 'yar Dauran ce, 'yar manoman gero da dawa, waɗanda kakanninsu suka sare dajin da suke nomawa. Duk hutun makaranta can ake tura shi, gidan kawunsa Nasidi. A Kaura ana ce masa baƙauye saboda yadda yake kai loma, a Dauran ana ce masa ɗan birni saboda fartanya tana yi masa kanta.

A gidan Kawu Nasidi akwai ɗansa Maccido, sa'ar Muhtari kuma taubashinsa. Da yake Maccido ɗan namiji ne, Muhtari ɗan mace, tun suna yawo ba wando Maccido yake kiransa bawansa. Shi ya koya masa iyo a gulbi, shi ya koya masa hawan jaki, shi ne kuma ya zuga jakin ya kayar da shi. Gajere ne kakkaura mai faɗin baki, wanda ba ya iya wuce tsohuwa bai tsokane ta ba.

Akwai wata ɗabi'a ta mutanen Dauran da Muhtari ya taso yana gani bai taɓa riƙe ta da muhimmanci ba. Ba sa faɗin ranar tafiya. Tun zamanin kakanninsu haka abin yake, wai saboda baki: mutum ya shirya ƙullinsa a ɓoye, da asuba a wayi gari ba ya nan. Da ɓarayin daji suka mamaye yankin, abin da yake camfin tsofaffi sai ya koma dokar tsira. Ba a tambayar mutum ina za shi, ba a tambayarsa ta ina zai bi. Ka je gida ka yi sallama da maigida, matarsa ta ce ya ɗan zaga, alhali yana Shinkafi. Ba ƙarya take yi maka ba, ita ma iyakar abin da ta sani ke nan.

Muhtari ya yi karatun kwamfuta a Foli, kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Wani baffansa na sakatariya da ke nema masa aiki ya ce a ƙara haƙuri. Mahaifinsa ya ce ga aji nan idan yana so, shi kuwa ba ya so. Yana cikin wannan zama aka shiga shekarar da aka datse layukan waya a jihar. A lokacin ne ya raka mahaifiyarsa tasha, tana riƙe da maganin hawan jini da za ta aika wa Kawu Nasidi, tana leƙa fuskokin mutane ko za ta ga idon sani. Ta ba wani, wani ya ba wani. Ko da maganin ya isa Dauran, kawun ya riga ya kwanta ya tashi. Abin ya tsaya wa Muhtari a rai. Garuruwa ga su kusa da juna, dangi a warwatse cikinsu, amma ƙullin magani ya fi wasiƙar Makka wuyar isa.

Da waya ta dawo, ya roƙi mahaifinsa aron shagon nan na bakin tasha. Ya je Dauran ya samo Maccido, wanda a lokacin yake kabu-kabu da mashin ɗinsa. Ya samo Hafiz, wani ɗan Shinkafi mai shiru-shiru da suka zauna aji ɗaya kafin karatu ya gagare shi. Ƙanwarsa Rumaisa'u ta karɓi aikin ɗaga waya idan ta taso daga makaranta. Ranar da aka kafa allon, Maccido ya tsaya ya ɗaga kai yana kallonsa, ya riƙe ƙugu.

"Duniya ta tashi," in ji shi. "Yau bawa ya zama oga. To ni dai ka sani, ranad da kaɓ ɓata min rai, saida ka zan yi in sai taya."

"Wa zai saye ni a hannunka?" in ji Muhtari. "Kai da ko akuya aka ba ka kiwo sai ta dawo da kai gida."

Aiki ya kankama. Suna ɗaukar magani daga kemis zuwa ƙauye, ɗinkin salla daga tela zuwa masu shi, irin shuka, kayan gyaran injin ban-ruwa, ƙuli-ƙuli da yaji daga uwaye zuwa 'ya'yansu ɗalibai. Tun ranar farko Muhtari ya kafa doka: likkafani da abincin majinyaci kyauta ake kai su. Wannan ta sa sunansa ya zaga. Liman ya sa masa albarka a gaban jama'a. Matasan unguwa suka sa shi cikin masu shirya yasar kwalbati kafin damina. Tsofaffin da a da suke ce masa yaron Malam suka koma ce masa Muhtari Saƙo. Idan ya je Dauran, tun daga bakin gari ake tare shi da gaisuwa, mata suna leƙowa ta kan danga suna cewa ga ɗan Balaraba mai kamfani. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. A karon farko ya ji gidajen nan biyu sun haɗu sun amince nasu ne.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Wayar Rumaisa'u ba ta hutawa, kuma tambayar ɗaya ce: ina saƙona? Ita kuwa ba ta san inda 'yan aiken suke ba. Hafiz yakan ɗan yi bayani idan an matsa masa. Maccido kuwa sai dai a waiga a ga babu shi babu kaya, kamar aljani. Wani lokaci ya isa da hantsi, wani lokaci sai bayan la'asar, ya ce ya tsaya cin tuwon suna. Wani mai kemis ya yi fushi ya janye kayansa. Wata mata ta zo har shago ta zazzage wa Rumaisa'u, yarinyar ta koma gida tana kuka.

A lokacin Muhtari yana bin wani darasi ta waya, na masu ƙananan sana'o'i. Wata mata ce mai tattausar murya take koyarwa daga wani babban birni mai nisa. Ta ce shugaba nagari ya san inda kowane ma'aikacinsa yake a kowane lokaci. Ta ce mai saye yana yarda da abin da yake gani da idonsa. Gaskiya ta faɗa, a garinsu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya tara su a shago, ya sa aka kawo shayi. Ya ce ya buɗe zaure a waya, abin da ake kira guruf. Daga yau duk wanda zai tashi ya aiko saƙon murya: na taso daga wuri kaza, zan bi ta kaza, na iso kaza.

Maccido ya ajiye kofinsa. "Mi kac ce?"

"Abin da ka ji."

"In hwaɗa ma waya inda za ni? Bawana, ko Tasalla ba ta san hanyad da nika bi ba, ita da muka kwana ɗaki guda."

"Tasalla ba ta jiran maganin kowa. Mu huɗu ne kawai a ciki. Kuma ka duba, idan mashin ya lalace maka a daji, ko wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ta ina za mu fara nemanka?"

Hafiz ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam magana ce. Maccido ya ɗaga kafaɗa ya shanye shayinsa. Washegari saƙonsa na farko ya shigo. Rumaisa'u ta kunna, suka kasa kunne. Ƙarar iska, sai muryarsa: "Ina nan." Shi ke nan. Na biyu ya ce, "Har yanzu ina nan." Rumaisa'u ta yi dariya har da riƙe ciki.

Muhtari bai yi faɗa ba, darasin ya hana faɗa. Sai ya fito da gwarzon mako: wanda ya fi aiko da bayani a kan kari, a cika masa tanki, a liƙa hotonsa a bangon shago. Hafiz ya ci. Ya sake ci. Ya kuma ci. Duk wanda ya shigo sai ya ga Hafiz a bango yana murmushin kunya, kuma Muhtari, da yake ya san inda ake taɓa taubashinsa, ba ya barin damar ta wuce.

"Ka ga mutanen Shinkafi? Wayayyu. Na Dauran kuwa tsoron waya suke, sun ɗauka za ta cinye musu kurwa."

"Ni? Ni ka tsoron waya?"

"To ga bango nan, ban ga mai faɗin baki ba."

Haka aka karya Maccido. Ba da dalili ba, da tsiya irin ta taubasai. Da ya fara kuwa, sai aka gane an buɗe rijiyar da ba ta da murfi. Allah ya yi shi da baki. Ba ya cewa na taso kawai, sai ya yi wa kansa kirari: "Maccido na Tasalla, guguwa ba ki da birki! Na baro Dauran, ga ni bisa kwalta, wani jaki ya yi min kallon raini na yahe mai." Yakan ba da labarin ramukan hanya kamar danginsa ne, kowane da sunansa. Yakan kwaikwayi muryar tsohuwar da ya kai wa saƙo. Rumaisa'u ta fara kunna wa masu zuwa tambaya, maimakon ta yi musu bayani. Su ji, su yi dariya, su tafi ba fushi.

Mai kemis ɗin da ya yi fushi ne ya fara cewa a saka shi a zauren, ya riƙa ji da kunnensa. Muhtari ya tuna maganar malamarsa, ya saka shi. Sai tela. Sai dillalin hatsi. Sai ɗalibai. Da abin ya yi yawa, ya saki hanyar shiga, wanda yake ciki ya tura wa wanda yake so. Kira ya ragu, aiki ya ninka, hoton Maccido ya hau bango ya ƙi sauka. A Shinkafi har akwai masu shayin da suke kunna shi da safe kamar shirin rediyo.

Wata rana Rumaisa'u ta ce, a hankali kamar yadda take komai, "Yaya, akwai lambobi da yawa da ban san masu su ba."

"Kasuwa ce take buɗewa," in ji shi. "Da wanda kika sani kaɗai za ki yi ciniki?"

Mahaifiyarsu ma ta ji. Tana tankaɗe a tsakar gida muryar ɗan wanta ta tashi daga wayar Rumaisa'u, yana faɗin inda yake da inda ya nufa. Ta tsayar da rariya.

"Muhtari, mu can ba a haka."

"Inna, zamani ne. Yanzu ko ƙaya ta soke shi mun san inda yake."

"Awo," ta ce. "Kun sani." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da kaka ne, an fara yankan gero. Da safe saƙon ya shigo, Muhtari yana share gaban shago. Muryar Maccido garau, da alama ya karya da abin kirki. Ya ce ya kwana gida, ya ɗauko saƙon mutanen Zurmi da ya tara tun jiya, da kwalin maganin da za a mayar. Ya ce an ce babbar hanya ba ta da daɗi yau, saboda haka zai saɓa ta ƙasan gulbi, ta wajen tsamiyar nan da ya taɓa ba su labarin ta yi kama da surukarsa. "Mutanen Kaura ku aza ruwan shayi. Kahin shi tahasa kun gan ni. Bawana, a goge min kujera."

Aka yi ta turo dariya. Muhtari ya goge kujerar da gaske, don ya samu abin tsokana.

Hantsi ya yi. Rana ta take. Rumaisa'u ta dawo daga makaranta ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka ce a kashe take. Muhtari ya ce caji ne. Ya faɗa sau da yawa, ga duk wanda ya tambaya, har da waɗanda ba su tambaya ba. Bayan azahar ya kira Dauran ya faɗa musu daidai inda za su duba. Ba su sha wahalar nema ba. Yana gindin tsamiyar. Babu mashin, babu kwali, babu waya.

An rufe shi kafin Muhtari da iyayensa su isa. A ƙofar gida Kawu Nasidi yana zaune a kan tabarma, ya tsufa a yini ɗaya. Muhtari ya durƙusa a gabansa. Kawun ne ya dafa kansa.

"Kwana ya ƙare, Muhtari. Ko cikin ɗaki shi ke, ranar ba ta wucewa. Tashi ka shiga ka gai da uwayenka."

Ya shiga. Mata cike da tsakar gida. Tasalla tana cikin ɗaki, da ƙaramin ciki, ba a ganinta sai ta bayan labule. Ya tsuguna daga waje ya yi mata gaisuwa. Ta amsa. Sai da ya yunƙura zai tashi sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, ba kuma da faɗa ba.

"Ni da nike matarshi ban san ta gulbi za shi bi ba. Amma an ce masu shayin Shinkafi sun sani."

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Ba wanda ya dubi Muhtari.

Har yau ba a san gaskiyar abin ba. Wataƙila wani a cikin zauren ne ya kai rahoto. Wataƙila ɓarayin suna nan zaune tun asuba suna jiran duk wanda tsautsayi ya koro, kamar yadda suka yi wa mutane da yawa da ba su taɓa riƙe waya ba. Muhtari ya juya wannan a ransa har ya gaji, bai samu gefen da zai kwanta a kai ba.

Ya dakatar da aiki. Zauren ya cika da ta'aziyya. Rumaisa'u ta ce a rufe shi, ya ce a bari a gama karɓar gaisuwa. Ta ce to a cire lambar Maccido. Ya ɗauki wayar, ya kai yatsa kan sunan, ga hoton nan yana dariya da dukan haƙoransa. Ya kasa. Gani ya yi kamar korarsa zai yi daga shagon, shi da aka goge wa kujera. Ya ce gobe. Goben ta yi ta zama gobe.

Hafiz, wanda ya koma Shinkafi, ya aiko da dogon saƙo na addu'a. A ƙarshensa, saboda sabo, ya ce in Allah ya yarda zai shigo Kaura ranar Asabar da safe. Da yamma wani ɗalibi ya duba jerin waɗanda suka saurari saƙon. A ciki akwai Maccido.

Kafin magariba hoton abin ya zaga garuruwa uku. Wayar mamaci tana hannun waɗanda suka kashe shi, kuma suna zaune cikin zauren Muhtari suna sauraro. Mutane suka yi ta ficewa kamar an ce gobara. Hafiz bai zo ranar Asabar ba, bai kuma sake zuwa ba. Ya kira sau ɗaya ya ce, "Oga, ka yahe ni, ina da ɗiya ƙanana," ya sauya layi. Muhtari ya rufe zauren a daidai lokacin da rufewar ba ta da sauran amfani.

Daga nan maganar ta fara sauya kama. A bakin farko, yaron ya yi sakaci. A baki na biyu, me ya sa ya bar lambar? A na uku, wa ya matsa wa Maccido ya riƙa faɗin hanya, shi da ya ƙi tun farko? Wa ya sa kyauta a kai? A ina yaro ɗan bana-bakwai ya koyo wannan dabara, kuma wa yake aika wa? Kalmar da kowa yake tsoro a yankin nan, wadda ta sa an kwantar da mutane ba shari'a, ta fara bin bayansa: infoma.

'Yan sa-kai suka aiko a zo da shi. Malam Zakariyya ya sa babbar riga ya raka ɗansa da ƙafarsa, liman ya biyo su. Aka karɓi wayarsa aka bincike ta ciki da bai. Aka yi masa tambaya ɗaya ta fuska goma. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. A ƙarshe babbansu, wani mai jan ido da ya taɓa karatu a gaban Malam, ya miƙa masa wayar.

"Ba mu same ka da komi ba. Wauta ce, ba cin amana ba. Amma don darajar Malam ka taka ƙahwarka ka koma gida. Ka kiyaye."

An wanke shi ke nan. Liman ya faɗa a masallaci. Mutane suka ce alhamdu lillahi, dama sun san ɗan Malam ba zai aikata ba. Sai dai da damina ta kusa, aka yi yasar kwalbati bai ji ranar ba sai da ya ga laka a bakin titi. Wani abokinsa ya yi tafiya Gusau ya dawo, sai a bakin wani ya ji. Ya shafe allon da kansa, ya sayo sola da kan caji, ya zauna. Mahaifinsa ya sake yi masa maganar aji, ya ce a bar shi tukuna. Dauran kuwa bai sake takawa ba. Ba a hana shi ba. Ba a dai ce ya zo ba.

Ana nan labari ya zo Tasalla ta sauka, namiji. Za a mayar masa da sunan ubansa na yanka, a riƙa kiransa Abbati. A ranar Muhtari ya rufe shago da wuri ya shiga kasuwa. Ya daɗe yana zaɓe. Ya sayi 'yan riguna, da hula mai kunnuwa, da tawul, da sabulu, da turmin atamfa na mai jego. Aka ƙulle masa a leda, ya kawo gida ya sami mahaifiyarsa tana gyaran wake.

"Inna, ga wannan na yaron. Yaushe za ki tafi, in kai ki tasha?"

Ba ta ɗago ba. "Ba yanzu ba. Ƙahwata na ciwo. Aje shi can, sai na shirya."

Ya rataye ledar a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa, don kada ɓera ya taɓa. Washegari da safe zai fita, ta kira shi ta ce ya dawo da rana da wuri, yau dambu za ta yi, irin wanda yake so, da zogale. Ya ji daɗi. Rabon da ta yi masa maganar abinci da wannan murya tun kafin rasuwar.

Ana kiran azahar ya shigo gida. Tsakar gida a share, murhu a sanyaye. Takalmanta na fita ba sa bakin ƙofa. Rumaisa'u tana zaune a inuwa da littafi a cinya, ba karantawa take yi ba.

"Ina Inna?"

"Ta ɗan zaga."

Ya tsaya yana kallonta. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan shafin.

"Yaya, wallahi ta ce ba wai ba ta yarda da kai ba ne. Can ne suka ce in za ta zo, kada... Ta ce in ba ka haƙuri. Dambun yana cikin kula, tun asuba ta yi shi."

"Baba ya sani?"

"Shi ya kai ta tasha."

Muhtari ya gyaɗa kai. Ya ji tambayar ta taso masa da kanta, irin ta kowane ɗa da uwarsa take kan wannan hanya: da wace mota, ta ina suka bi, ta isa? Har ya buɗe baki. Ya ga yadda ƙanwarsa ta ƙanƙame littafin tana jiran abin da za ta ƙi faɗa masa. Sai ya rufe.

Ya shiga ɗaki ya mayar da ƙofa. Ledar tana nan a jikin ƙusa, kunnen hular ya leƙo ta bakin ƙullin. Ya tura shi ciki, ya gyara ƙullin, ya ɗauki makullin shago ya fita.